Mudun Gaskiya: Bayarwarmu da Cinikin Adalci

  Karatunmu na yau yana cikin Maimaitawar Shari'a sura 24, aya 14 da 15, da kuma wasiƙar Yakubu sura 5, aya 1 zuwa 6. In kana da Littafi Mai Tsarki kusa da kai, ka buɗe ka karanta da kanka bayan shirin nan. A wuri na fari, Allah ya hana mutanensa su kwana da ladan ɗan ƙodago a hannunsu, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. A wuri na biyu, Yakubu ya gaya wa masu dukiya cewa kuɗin masu girbi da suka danne yana da murya, Allah kuwa ya riga ya ji ta.

Bari in fara da laifin kaina. Wata ranar kasuwa na tsaya wurin wata tsohuwa mai sayar da tabarmi. Ta faɗi kuɗin tabarma, na taya rabi, ta ce albarka. Na juya kamar zan tafi, alhali ina son tabarmar. Ban yi nisa ba sai ta kira ni ta ce, "Dawo, ɗana, kawo kuɗin. Tun safe ban yi ciniki ba, jikoki kuma suna jirana a gida." Na naɗe tabarma na tafi ina murna, na iya ciniki. Ran Lahadi aka yi baiko domin gwauraye da marayu, na tashi na sa nawa da fara'a. Da muka koma gida sai uwargida ta ce mini, "Maigida, tsohuwar nan ta kasuwa, ita ba gwauruwa ba ce?" Na rasa amsa. Abin da na rage mata ran kasuwa ya fi abin da na sa a baiko ran Lahadi.

Tambayar nan ta uwargida ita ce tushen abin da ake kira cinikin adalci. Ma'anarsa a taƙaice ita ce a sayi kayan manomi ko na mai sana'ar hannu a kan farashin da zai biya wahalarsa, ya ciyar da gidansa, ya kuma bar masa abin komawa aiki baɗi. Yau za mu duba inda abin ya fito, yadda yake aiki, inda ya gaza, da kuma abin da ya rage a gare mu.

Inda aka fara

Mutane da yawa ba su sani ba, amma 'yan ikkilisiya suna cikin waɗanda suka fara wannan aiki. A shekarar 1946 wata mace mai suna Edna Ruth Byler, 'yar ɗarikar Menonayit daga jihar Fensilfeniya ta Amurka, ta raka mijinta tsibirin Puwato Riko. A can ta ga mata matalauta suna ɗinkin ado mai kyau ƙwarai, amma ba mai saye. Ta ɗauko kaɗan ta kawo gida, ta riƙa zagayawa da su a but ɗin motarta tana nuna wa maƙwabta da matan ikkilisiyoyi. Daga baya ta ƙara da ɗinkin 'yan gudun hijira na Falasɗinu da sassaƙar mutanen Haiti. A 1962 hukumar agaji ta ɗarikarsu ta karɓi aikin, a 1996 kuma aka sa masa sunan Ten Thousand Villages, wato ƙauyuka dubu goma.

A 1949 wata ɗarika a Amurka, Church of the Brethren, ta fara irin wannan aiki da sunan SERRV, tana sayar da kayan hannu na 'yan gudun hijira a Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. 'Yan'uwanmu na EYN sun san wannan ɗarika sarai, gama masu bishararta ne suka sauka a Garkida a 1923. A Ingila ma Kirista suka kafa kamfanin Traidcraft a 1979.

Waɗannan duka kayan hannu suka fi sayarwa, a majami'u da ƙananan kantuna. Yadda abin ya shiga manyan kasuwanni kuwa, daga kudancin ƙasar Meziko ya fito. Wani firist ɗan ƙasar Holan, Frans van der Hoff, yana zaune tare da manoman kofi a duwatsun jihar Oaxaca. Dillalai ne kaɗai suke hawa wurinsu, su suke yanka farashi, su suke ba da bashi, su suke auna kaya. Manoman suna kiransu da sunan wani naman daji mai kama da dila. Manoman suka haɗa kai suka kafa ƙungiya mai suna UCIRI, suka gaya wa masu ba su taimako daga Turai cewa sun fi son a sayi kofinsu da daraja a kan a ba su kyauta. Firist ɗin da Nico Roozen na ƙungiyar Solidaridad suka fito da dabara: a sa wata alama a jikin gwangwanin kofi, don mai saye a kowane kanti ya san an biya manomi hakkinsa. A 1988 alamar ta fito a Holan da sunan Max Havelaar, sunan wani littafi na 1860 da ya tona zaluncin da Turawan Holan suke yi wa manoma a tsibirin Jawa. Wasu ƙasashe suka kwaikwaya, a 1997 kuma suka haɗu suka zama ƙungiya ɗaya mai hedkwata a birnin Bon na Jamus. Ita ce mai alamar Fairtrade da ake gani a jikin kofi, da shayi, da ayaba, da sukari, da cakulan.

Yadda abin yake aiki

Ɗan'uwana mai sauraro, in kai manomi ne, ka san ciwon da ake so a warkar. Kai ka yi huɗa, ka yi shuka, ka yi noma, ka yi girbi, amma wani ne can yake faɗin farashi. Haka manomin kofi da na koko suke, sai dai su a manyan kasuwannin Landan da Niyok ake yanka farashin kayansu. Har zuwa 1989 akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashe da take ƙayyade yawan kofin da kowace ƙasa za ta fitar. A shekarar nan ƙayyadewar ta rushe, farashi ya faɗi. A 2001 laba ɗaya ta kofi ta koma ƙasa da santi 50 na dalar Amurka. Manoma da yawa suka bar gonakinsu, suka cire yara daga makaranta.

Cinikin adalci yana da ginshiƙai huɗu.

Na fari shi ne ƙasan farashi. Ana sa wani farashi wanda mai saye ba zai sauka ƙasa da shi ba, kome faɗuwar kasuwa. In kasuwa ta haura shi, sai a biya farashin kasuwa. A 2001 ɗin nan da kasuwa ta karye, manomin da ya sayar da kofi mai kyau ta hanyar Fairtrade ya karɓi dala 1 da santi 26 a laba. A watan Agusta na 2023 aka ɗaga ƙasan farashin irin wannan kofi zuwa dala 1 da santi 80. Na koko kuwa, wanda ake yin cakulan da shi, a 2019 aka sa shi dala 2,400 a tan ɗaya.

Na biyu shi ne ƙarin kuɗi na jama'a. Ban da farashi, mai saye yana ƙara wani abu a kai: santi 20 a labar kofi, a koko kuma an sa dala 240 a tan a 2019. Wannan kuɗi yana shiga asusun ƙungiyar manoma. 'Yan ƙungiya su taru su yanke shawarar abin da za a yi da shi, ko rijiyar burtsatse, ko ajin makaranta, ko ɗakin shan magani, ko sito.

Na uku shi ne biya tun kafin kaya su iso. Wannan ya fi shafar masu sana'ar hannu. Masaƙi yana bukatar zare, maƙeri yana bukatar ƙarfe da gawayi, baduku yana bukatar fata. In ba shi da jari, dole ya ci bashi mai ruwa. Saboda haka Ten Thousand Villages ta ɗauki al'adar biyan rabin kuɗi ranar da ta yi odar kaya, sauran rabin kuma sa'ad da aka ɗora kayan a hanya. In kayan ba su sayu a Amurka ba, hasarar ba ta mai sana'a ba ce.

Na huɗu shi ne dokoki. Dole manoma su kasance cikin ƙungiyar gama kai mai zaɓen shugabanninta. An hana aikin tilas, an hana sa yara aikin da zai cuce su ko ya hana su makaranta, an hana waɗansu magungunan feshi masu haɗari. Akwai masu bincike da suke zuwa su duba littattafan kuɗi da gonaki.

Misali daga Gana

Gana da Kwaddibuwa su suke noma fiye da rabin kokon duniya. A 1993, sa'ad da gwamnatin Gana ta yarda kamfanoni masu zaman kansu su sayi koko a hannun manoma, waɗansu manoma suka kafa ƙungiyarsu mai suna Kuapa Kokoo, hedkwatarta a Kumasi. Ɗaya daga cikin manyan kukansu shi ne sikeli. Sun daɗe suna zargin masu saye da murɗa ma'auni. Sai suka shirya cewa kowane ƙauye ya zaɓi mutum daga cikinsu ya riƙe sikeli, kowane manomi kuma yana da ikon dubawa. Ka tuna Littafin Firistoci 19:35-36 da Karin Magana 11:1, inda Allah ya nuna ya damu da ma'auni da mudu kamar yadda ya damu da bagade. Annabi Amos ma, a sura 8, ya tsauta wa 'yan kasuwar da suke rage mudu su ƙara kuɗi.

A 1998 manoman nan suka shiga tarayya da waɗansu ƙungiyoyi a Ingila, da goyon bayan ƙungiyar agaji ta Christian Aid, suka kafa kamfanin cakulan da daga baya aka sa wa suna Divine. Manomin da bai taɓa ɗanɗana cakulan ba ya zama mai hannun jari a kamfanin da yake sayar da shi. A 2020 wani kamfanin Jamus ya sayi mafi yawan hannun jarin, manoman suka riƙe kashi 20 cikin ɗari.

To, ina bayarwa ta shigo?

Wani zai ce, in ciniki ne, me ya kawo baiko cikinsa? Amsar ita ce ciniki ba ya tashi sai da jari. Kafin ƙungiyar manoma ta sayar da buhu ɗaya a ƙasar waje, tana bukatar sito, da sikeli, da mai riƙe littafin kuɗi, da kuɗin biyan masu bincike. Kafin mata masu saƙa su sami mai saye, suna bukatar wanda zai koya musu irin launi da girman da ake so. Banki ba ya ba irin waɗannan mutane rance da sauƙi, gama ba su da abin jingina. Kyautar masu bi ce takan cike wannan gurbi. Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya ta kafa wata ƙungiyar ba da rance a 1975, wadda yanzu ake kira Oikocredit, don ikkilisiyoyi su ajiye kuɗinsu inda zai zama jari ga talakawa. A Ingila aka kafa Shared Interest a 1990, inda mutane suke zuba kuɗi a ranta wa ƙungiyoyin cinikin adalci.

Irin wannan bayarwa tana da tushe cikin Maganar Allah. A Littafin Firistoci 19:9-10 an umarci mai gona ya bar gefen gonarsa da abin da ya zube domin matalauci da baƙo. Ba a ce ya girbe ya kai musu gida ba. Rut ta fita da kanta ta yi kala a gonar Bo'aza, ta koma wurin surukarta da hatsin da hannunta ya tara. An taimake ta, mutuncinta kuma bai zube ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Akwai lokacin da ɗan'uwa yake bukatar tuwo a yau, kamar mai ciwo, da tsoho, da wanda rikici ya kora daga gidansa. Wannan a ba shi ba tare da wani sharaɗi ba. Amma mai ƙarfi da sana'a a hannu, abin da ya fi bukata shi ne jari da kasuwa da farashin gaskiya.

Inda abin ya gaza

Ba za mu ɓoye muku ba, cinikin adalci bai warkar da kome da kome ba. Ƙungiyoyi da yawa suna noma bisa dokokin nan duka, amma masu saye da alamar ba su isa su kwashe kayan ba, sai su sayar da sauran a kasuwa kamar kowa. Kuɗin bincike yana da nauyi a kan ƙananan ƙungiyoyi. Manomin da ya fi kowa talauci, wanda ba ya cikin kowace ƙungiya, sau da yawa abin ba ya kaiwa gare shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zafi. A 2014 masana daga makarantar SOAS ta Jami'ar Landan suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a Habasha da Yuganda. Suka tarar cewa 'yan ƙodagon da suke aiki a yankunan da ake noma kaya masu alamar, sau da yawa ladansu bai fi na sauran wurare ba, wani wuri ma bai kai ba. Ƙungiyar Fairtrade ta yi gardama a kan yadda aka gwada wuraren, amma tambayar ta tsaya. Manomi ya sami farashi mai kyau, shi kuma nawa ya biya matar da ta tsinke masa kofi? Ka ga mun koma kan karatunmu na fari. Kowane mutum yana da wani a ƙarƙashinsa.

Su kansu kamfanonin ba su tsira daga wahalar kasuwa ba. Traidcraft, bayan shekara 40 da ɗoriya tana aiki, ta durƙushe a farkon 2023. Saboda haka kada mu dogara ga alama kamar ita ce ceto. Kayan aiki ce kawai, tana da amfani gwargwadon gaskiyar masu riƙe da ita.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, yawancinmu ba ma sayen kofi mai alama. Alamar ta kayan da ake kaiwa ƙasashen waje ce. Gero da dawa da masara da doyar da muke saya a kasuwar ƙauye ba su da ita. Amma abin da alamar take nufi yana hannunmu kowace ranar kasuwa. Ga abubuwa biyar da za mu iya yi.

Ɗaya, mu duba yadda muke taya kaya. Tayi ba zunubi ba ne, al'adar kasuwarmu ce. Amma akwai bambanci tsakanin taya ɗan kasuwa mai kanti da matse tsohuwar da ka ga yunwa a idonta. In ka san aikin kwana uku ne, kada ka biya kuɗin yini ɗaya.

Biyu, mu duba mudunmu. In kina saye da babban mudu kina sayarwa da ƙarami, ko kina bubbuga gindin kwano don ya rage ci, Allah yana gani, ko da kina cikin zumuntar mata.

Uku, mu biya 'yan ƙodago a kan lokaci. Wanda ya yi maka noma, da yarinyar da take taya uwargida aiki, da magini, da mai gadin majami'a, kada a ce musu "dawo gobe" alhali kuɗin yana aljihu.

Huɗu, ikkilisiya ta yi tunanin mai da wani kashi na baikon taimako ya zama jari. Kowa ya san da kaka hatsi yakan yi araha, manomi ya sayar don biyan bashi da kuɗin makaranta, da tsakiyar damina kuma ya sayi hatsin nan da tsada. A ƙauyuka da yawa na Nijar akwai bankin hatsi domin wannan matsala. Ikkilisiya za ta iya sayen hatsi da kaka a farashi mai kyau, ta ajiye, ta sayar da rangwame lokacin da rumbuna suka ƙare. Za ta iya ranta wa mata masu man kaɗanya, ko daddawa, ko ƙuli-ƙuli, kuɗi ba ruwa, su biya a hankali, a ranta wa waɗansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Biyar, mu yi tambaya kafin mu bayar. Wa yake riƙe da kuɗin? Nawa ne yake kaiwa hannun mai sana'a? Ana karanta rahoto a gaban jama'a? Tambaya irin wannan ba rashin bangaskiya ba ce. Sa'ad da Bulus ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, a 2 Korantiyawa sura 8, bai ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya sa amintattun mutane, har da wanda ikkilisiyoyi suka zaɓa, su tafi tare, don kada a sami abin zargi. 'Yan'uwanmu da suke zaune a Turai da Amurka kuma, in kun ga kaya mai alamar a kanti, ku saya in kuna da hali, amma kada ku ce kun gama naku.

A sura ɗin nan Bulus ya bayyana cewa nufinsa ba a talauta waɗansu don waɗansu su huta ba ne. Yana so yalwar wannan ta rufe rashin wancan a yau, gama wata rana abin zai juya. Ya kuma tuna musu da Yesu, wanda ya bar wadatarsa saboda mu. Shi kansa ya yi aikin sassaƙa a Nazarat, ya san nauyin aikin hannu. Bulus ma da ɗinkin tanti ya ci abinci a Koranti.

Ran kasuwa ta gaba na koma neman tsohuwar nan. Na same ta a inuwar da na bar ta. Na ce, "Iya, ran nan na rage miki kuɗin tabarma, ga cikon." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ai ciniki ya riga ya faɗa." Na ce, "Ya faɗa, Iya, amma bai yi daidai ba." Ta karɓa ta ɗaure a bakin zane, ta sa mini albarka. Kai fa, ɗan'uwana, akwai wanda kake bukatar ka koma wurinsa a makon nan?

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, kai ne mai ba da ruwan sama da ƙarfin noma. Muna kawo maka manoma da masu sana'ar hannu na ƙasarmu da na ƙasashe masu nisa, waɗanda suke gumi wani yana cin riba. Ka gafarta mana inda muka rage mudu, inda muka riƙe ladan ma'aikaci, inda muka matse mai rauni. Ka ba shugabannin ƙungiyoyi da na ikkilisiyoyi gaskiya cikin riƙon kuɗi. Ka koya mana bayarwar da ba ta zubar da mutuncin mai karɓa. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.